Tun a Yulin 1943 Mulkin Musolini Ya Rushe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi gyara kan wata magana da ta zama ruwan dare duk lokacin da aka taɓo tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wato cewa sojojin ƙawance (Birtaniya da Amurka da abokansu) da 'yan sari-ka-noƙen Italiya ne suka kifar da mulkin Fasist na Italiya a watan Afrilun 1945. A 1945 Benito Musolini aka kashe. Mulkin da ya kafa tun 1922 kuwa ya riga shi mutuwa da kusan shekara biyu, a ranar 25 ga Yulin 1943, kuma manyan jam'iyyarsa da sarkin ƙasar da hafsoshin soja ne suka yi masa wanka suka binne. Mai son gane yadda hakan ta yiwu cikin yini guda sai ya fara da kwal da ƙarfe da burodi.

A wancan lokacin Italiya ba ta da man fetur, kwal ɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Ƙarfen da take narkawa a shekara bai wuce tan miliyan 2 da 'yan kai ba, a lokacin da Birtaniya ke kai wa wajen tan miliyan 13, Jamus kuwa ta haura miliyan 20. Yaƙin Habasha na 1935 zuwa 1936 da taimakon da aka kai wa Janar Franko a Sifen sun lashe kuɗi da makamai. Musolini ya san da wannan sarai. A watan Agustan 1939, da Hitila ya nemi ya cika alkawarin ƙawancen da suka ƙulla a watan Mayu, sai ya aika masa da jerin abubuwan da Italiya ke buƙata kafin ta iya shiga yaƙi: kwal tan miliyan 6, ƙarfe tan miliyan 2, mai tan miliyan 7, ga katako da jan ƙarfe da bindigogin kakkaɓo jirage. An yi lissafin cewa ɗauko kayan zai ci jiragen ƙasa wajen 17,000. Hanya ce ta cewa a'a cikin ladabi. Ya koma gefe har wata tara, sai da ya ga Faransa ta durƙusa sannan ya faɗa yaƙin a ranar 10 ga Yunin 1940, da tunanin cewa an kusa gamawa, abin da ya rage rabon ganima ne. Saboda gaggawa ba a ma kira jiragen ruwan dakon kaya gida ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu suna tashoshin ƙasashen waje, aka kame su ko aka tsare, alhali da jirgin ruwa kaɗai ake iya ciyar da sojojin da ke Libiya. Kwal kuma ya koma zuwa ta layin dogo daga Jamus, kimanin tan miliyan ɗaya a wata, ta mashigan tsaunukan Alps. Tun daga nan akalar ƙasar ta koma hannun mai aiko da kwal.

Rundunar sojan ma yawanta a takarda yake. A 1938 an rage kowace babbar runduna daga rukuni uku na sojan ƙasa zuwa biyu, adadin rundunonin ya ƙaru a baki, ƙarfin kowace ya ragu. Yawancin abin da ake kira tankar yaƙi ƙaramar mota ce mai nauyin tan 3 ɗauke da bindiga mai jigida. Bindigar da soja ke rataye da ita ƙirar 1891 ce. Sojan ruwa na da manyan jirage masu kyau da gudu, amma babu jirgi mai ɗaukar jiragen sama ko ɗaya, babu na'urar rada, ba a kuma horar da su faɗan dare ba. Motocin ɗaukar soja sun yi ƙaranci har ta kai ana tafiya a ƙasa cikin hamada. Masu cewa sojan Italiya ragon maza ne ba su yi masa adalci ba, domin a Keren ta Eritiriya da El Alamein an ga rundunonin da suka tsaya har harsashinsu ya ƙare.

Wata shida suka isa asiri ya tonu. A ranar 28 ga Oktoban 1940 aka afka wa Girka ta Albaniya, a farkon ruwan sama da sanyi, makonni kaɗan bayan an sallami dubban ɗaruruwan sojoji su koma gida girbi. Tashoshin ruwan Albaniya ba sa iya sauke kayan da ake buƙata, hanyoyin tsauni suka zama taɓo, Girkawa suka fatattako su har cikin Albaniya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A daren 11 ga Nuwamba jiragen sama 21 na Birtaniya, tsofaffin ƙira masu fukafukai biyu, suka nakasa manyan jiragen ruwan yaƙin Italiya uku a tashar Taranto. A Masar, kwamandan sojan Italiya Mashal Graziyani ya kutsa wajen kilomita 100 zuwa Sidi Barrani ya ja birki, ya kakkafa sansanoni nesa da juna ta yadda ɗaya ba ya iya kai wa ɗaya ɗauki. Ranar 9 ga Disamba Turawan Ingila suka ratsa ta tsakani suka biyo ta baya da tankokin Matilda, waɗanda harsashin igwar Italiya ba ya huda su. Kafin tsakiyar Fabrairun 1941 sojoji kimanin 36,000 sun kame fursunoni wajen 130,000. A gabashin Afirka, birget ta sojojin Najeriya ce ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu ta nausa har Harar, Addis Ababa ta faɗi a Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Sai da Jamus ta aiko da Janar Romel da rundunarsa Libiya, ta kuma murƙushe Girka da kanta. Daga nan Italiya ta daina yaƙin kanta.

Duk da haka Musolini ya nace sai ya tura soja Rasha, har suka kai wajen 230,000 a 1942, da takalma da riguna marasa jure ƙanƙara. Tsakanin Disambar 1942 da Janairun 1943 aka wargaza su a gaɓar kogin Don, dubun-dubata ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun zo da labarin yadda abokan ƙawancensu Jamusawa suka hana su hawa mota a lokacin gudu, labarin kuma ya shiga kowane ƙauye. Tarabulus ta faɗi a Janairu, Tunisiya a Mayu.

A cikin gida ne ɓarnar ta fi tsanani, nan kuma masu ba da labarin suka fi tsallakewa. A Oktoban 1941 aka ƙayyade burodi giram 200 a yini ga mutum ɗaya, a Maris ɗin 1942 aka rage zuwa 150. Doka ta tilasta wa manoma su kai alkamarsu rumbun gwamnati a farashin da aka yanke. Farashin bai biya wahala ba, sai suka riƙa ɓoyewa suna sayarwa a kasuwar bayan fage da ninkin-ba-ninkin. Mai kuɗi ya ci ya ƙoshi, ma'aikacin masana'anta ya kwana da yunwa, kowa kuma ya san akwai jami'an jam'iyya a cikin harkar. Daga ƙarshen 1942 jiragen Birtaniya suka fara ruwan bama-bamai a Jenowa da Turin da Milan, babu isassun maɓoya, babu isassun bindigogin kariya. Ranar 5 ga Maris 1943 ma'aikatan kamfanin Fiat a Mirafiori da ke Turin suka ajiye aiki, yajin ya bazu zuwa Milan, ya haɗa ma'aikata fiye da 100,000, a ƙasar da doka ta haramta yajin aiki tun 1926. An kama ɗaruruwa, amma a ƙarshe gwamnati ta ƙara albashi. Masu masana'antu da fadar sarki sun fahimci abin da hakan ke nufi: mulkin da suka goyi bayansa domin ya riƙe musu ma'aikata ya kasa yin ko wannan. Jam'iyyar kanta ta zama fanko. A ƙarshen 1941 an naɗa wani matashi ɗan shekara 27, Aldo Vidussoni, sakatarenta. A Fabrairun 1943 Musolini ya sauke manyan ministocinsa, ciki har da surukinsa Galeazzo Ciano da Dino Grandi da Giuseppe Bottai, ya tara wa kansa fusatattu masu kujera a Babbar Majalisar Fasist, wato majalisar ƙoli ta jam'iyyar.

Akwai kuma abin da ya bambanta Italiya da Jamus. Hitila ya haɗe shugabancin ƙasa da na gwamnati tun 1934, sojoji kuma da sunansa suke rantsuwa. A Italiya Sarki Victor Emmanuel na Uku yana nan daram, shi ya naɗa Musolini firaminista a 1922, tsarin mulkin 1848 bai soke ba, hafsoshi da jandarmomi ga sarki suke mubaya'a. Shekara ashirin sarki yana sa hannu a duk abin da aka kawo masa, har dokokin wariyar Yahudawa na 1938. Amma ikon sauke firaminista bai taɓa barin hannunsa ba.

Sojojin ƙawance sun sauka tsibirin Sisili ranar 10 ga Yulin 1943. Ranar 19 Musolini ya gana da Hitila a Feltre. Hafsan hafsoshinsa Janar Ambrosio ya matsa masa ya faɗa wa Hitila cewa Italiya ba za ta iya ci gaba ba, ya kasa buɗe baki. Suna cikin ganawar aka kawo labarin cewa jiragen Amurka fiye da 500 na jefa bama-bamai a birnin Roma. Da yammacin Asabar 24 ga wata Babbar Majalisar ta zauna, karo na farko tun Disambar 1939. Grandi ya gabatar da ƙudurin a mayar wa sarki ikon jagorancin soja da sauran ikon da tsarin mulki ya ba shi. Ba a ambaci tsige kowa a takardar ba, kuma da yawa cikin masu sa hannu ba su hango inda za ta kai su ba. An yi ta muhawara har bayan ƙarfe biyu na dare, mutum 19 cikin 28 suka goyi baya, har da Ciano. Musolini ya ɗauka shawara ce kawai, washegari ya tafi ofis kamar kullum. Ƙarfe biyar na yamma ya je wurin sarki a Villa Savoia. Cikin kimanin minti 20 sarki ya sanar da shi cewa Mashal Badoglio ya maye gurbinsa. Yana fitowa jandarmomi suka sa shi a motar asibiti suka wuce da shi bariki. Shirin kamun ya riga zaman majalisar. Ƙuri'ar ta ba sarki hujjar da yake jira ce kawai.

Abin lura shi ne abin da bai faru ba. Jam'iyya mai miliyoyin 'yan kati, da rundunarta ta 'yan baƙar riga mai makamai, har da wata rundunarsu ta musamman mai tankokin Jamus a kusa da Roma, babu wanda ya harba ko harsashi ɗaya. Da aka yi sanarwa a rediyo da dare jama'a suka fito suna farfasa gumakan Musolini. Cikin 'yan kwanaki aka rushe jam'iyyar da doka.

Sarki da Badoglio kuwa sun iya juyin mulki, ba su iya fita yaƙi ba. Sun ce yaƙi na ci gaba, suka ɓata kwana 45 suna ciniki a asirce, Jamus kuma na ta kwararo rundunoni ta mashigar Brenner. An sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta a Cassibile ranar 3 ga Satumba. An shirya sauke sojojin lema na Amurka a kusa da Roma, aka fasa a sa'o'in ƙarshe domin Badoglio ya ce ba zai iya tsare filayen jiragen ba. Da aka sanar da yarjejeniyar ranar 8 ga wata, babu wani umarni bayyananne da ya isa ga rundunoni kan yadda za su yi da Jamusawa. Da asuba sarki da Badoglio da manyan hafsoshi suka sulale zuwa Brindisi. Soja ya watse, Jamus ta kwashe fiye da 600,000 zuwa sansanonin aikin tilas, a tsibirin Kefaloniya kuma ta karkashe dubbai daga cikin waɗanda suka ƙi miƙa makamai.

Ranar 12 ga Satumba sojojin Jamus suka ɗauko Musolini daga otal ɗin da ake tsare da shi a kan tsaunin Gran Sasso, suka ɗora shi kan wata gwamnati a arewa, wadda ake kira Jamhuriyar Salo. Ɗan amshin shata ne. Jamus ta yanke lardunan Bolzano da Trento da yankin Trieste ta sa su ƙarƙashin jami'anta, wayarsa ma ta hannun Jamusawa take bi. Rashin iko bai hana ta zubar da jini ba. A Janairun 1944 an harbe Ciano da wasu mutum huɗu a Verona saboda ƙuri'ar Yuli. 'Yan sandanta sun taya kamo Yahudawa ana tura su Auschwitz. Dokar da Graziyani ya fitar ta hukuncin kisa ga duk matashin da ya ƙi amsa kiran soja ita ta kora dubban samari tsauni wurin 'yan sari-ka-noƙe. Wata ashirin ana yaƙin basasa a cikin yaƙin duniya, da kisan gillar da Jamusawa suka yi irin na kogon Ardeatine inda aka harbe mutum 335, da na Marzabotto inda aka kashe wajen 770.

Da layin tsaron Jamus ya karye a Afrilun 1945, biranen arewa suka yi bore ranar 25. Ranar 27 aka gano Musolini a Dongo, a bakin tafkin Como, sanye da rigar sojan Jamus a bayan wata babbar mota. Washegari aka harbe shi tare da farkarsa Clara Petacci, aka rataye gawarwakinsu a dandalin Loreto na Milan, inda 'yan Fasist suka yasar da gawar mutum 15 da suka harbe a Agustan 1944. Sarkin da ya naɗa shi ya kuma sauke shi bai tsira da gadonsa ba: ya yi murabus a Mayun 1946, ranar 2 ga Yuni kuma kimanin kashi 54 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi jamhuriya.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu, malamin tarihi.