Barka da Sallah daga Bronx, zuwa ga Baba da mutan gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, ku da Inna da Yaya da iyalinsa da Gwaggo da duk yaran gida. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Yaya ya turo mini hoton ragon, ma sha Allah, ya yi kyan gani. Don Allah a cire wa Malam na makarantar allo cinya guda da sunana, kada a manta da gidan marigayi Kawu.

Mu ma nan an yi Idi lafiya. Masallacin unguwarmu bai ɗauke mu ba, sai da sahu ya fito har bakin titi, ga mutanen Zangon Kumasi, ga na Maraɗi da Damagaram, ga 'yan Senegal da Gambiya, kowa da babbar rigarsa. Tun 2015 hukumar birnin New York ta sa ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantun gwamnati, don haka jikokinku ba sa rasa Idi ko da ya faɗo tsakiyar mako. Yanka kuwa sai an je gona a New Jersey, mutum ya bi layi, ya dawo da namansa a kwali. Maman yara tana can kicin tana suya, ta ce in miƙa gaisuwarta.

Inna ta ce mini a waya hankalinta bai kwanta ba tun da ta ji ina shiga daji a kan keke. Na san abin da kalmar daji take kawo wa mutum a rai a gida yanzu, shi ya sa na ga gara in zauna in yi muku bayani a tsanake.

Aikin tasi zama ne tun safe har dare. Baya ya fara damuna, likita kuma ya ce sukarina ya soma hawa, in nemi abin da zai motsa jini. Wani abokin aikina ɗan Maraɗi ya ja ni cikin masu hawan keken tsere. Baba, da kun ga keken da kun yi mamaki, ku da kuka yi shekaru kuna kai yadi kasuwannin ƙauye a kan Raleigh. Wannan ba shi da kariyar ɗora kaya, ba shi da ƙararrawa, da hannu ɗaya ake ɗaga shi, tayarsa siririya kamar babban yatsa, ga giya da ake canzawa idan an zo hawa. Ba na fita sai da hular kwano da famfo da kayan faci, a gaya wa Inna wannan.

Wurin da muke zuwa sunansa Harriman, gandun daji ne na gwamnatin jihar New York, kimanin kilomita 50 arewa da birni. Girmansa ya haura eka 47,000, shi ne na biyu a girma cikin gandayen jihar, kuma akwai tafkuna 31 a cikinsa. Da ma'aikata, da 'yan sanda masu sintiri, da kwalta mai kyau. Bayan asuba muke sa kekuna a bayan mota, mu haye gadar George Washington, mu ajiye motar a wani ɗan gari mai suna Sloatsburg. Daga nan hanyar da suke kira Seven Lakes Drive take farawa, ta ratsa dajin kusan kilomita 30 har dutsen Bear Mountain da ke bakin kogin Hudson.

Farkon hanyar hawa ne a hankali, rafi na gudu a gefe, itatuwa sun haɗe ta sama har rana ba ta taɓa mutum. Tafkin farko Sebago. Sai Kanawauke, inda akwai shataletale. Gaba kaɗan hanya ta bi ta tsakanin tafkuna biyu, Skannatati a hagu, Askoti a dama, kuma a nan na fi son tsayawa. Da sassafe hazo yana kwance a kan ruwan, ga masu fatsa zaune shiru cikin ƙananan kwalekwale, ga kififiya ta hau kan kututture ta miƙa wuya tana jiran rana. A wannan watan wani ɗan itace yana fitar da fure fari mai ratsin ja, ya cika ƙarƙashin daji ta ko'ina. Sau da yawa a gefen Askoti nake sauka in ci dabino, in sha ruwa, in yi walaha a kan wani faffaɗan dutse. Mako guda ina jin hon da jiniya, a nan sai kukan tsuntsu da ƙarar sarƙar keken wanda ya wuce.

Daga can sai Tiorati, inda ake wanka, iyalai daga Bronx suke cika wurin ranar Lahadi da gashin nama. A shataletalen Tiorati hanya ta rabu. Ta yamma, Arden Valley, gangara ce mai lanƙwasa da yawa, wanda ya sauka kuma sai ya biya bashi a dawowa. Mu mun fi bin ta gabas, Tiorati Brook, mu gangara tare da rafi, hannu a kan birki saboda barewa tana iya faɗowa titi ba sallama, mu zagayo ta tafkin Welch, mu koma inda muka bar mota kafin azahar. Ranar da ƙarfi ya zo, sai mu je mu hau Bear Mountain ta hanyar Perkins. Hawan yana da tsawo, cinya tana zafi, amma daga hasumiyar da ke bisa, in gari ya yi garau, ana hango dogayen benayen Manhattan.

Abin tsoro a dajin bai wuce biyu ba. Akwai wata baƙar dabba mai gashi da suke kira beyar, wadda ba kasafai take kusantar mutum ba in bai bar abinci a fili ba. Sai kaska, ƙarama ƙwarai, mai sa wata cuta da ake kira Lyme. Saboda ita ba ma zama cikin ciyawa, kuma da na dawo gida nake duba jikina.

Yanzu ga abin da ya sa wasiƙar ta yi tsawo, kuma ina so Yaya ya saurara. Dajin nan da nake ba ku labari an taɓa cinye shi. A da ana haƙar tama a duwatsun, har yau ramukan suna nan cike da ruwa. Itatuwan aka riƙa sarewa ana yin gawayi don narka ƙarfe, wasu kuma ana kai wa masu gasa bulo a Haverstraw, har tuddan suka zama fili. Gwamnati ma ta fara shirin gina gidan yari a Bear Mountain. A 1910 wata mata, Mary Harriman, wadda mijinta attajirin jiragen ƙasa ne da ya rasu a 1909, ta ba jihar eka 10,000 da dala miliyan 1, bisa sharaɗin a fasa gidan yarin a mai da wurin gandu. Aka hana sara, aka yi dashe, daji ya dawo. Yawancin tafkunan ma ba haka Allah ya ajiye su ba, wani injiniya William Welch ne ya jagoranci datse rafuka. Abin bai zo kyauta ba: ƙarƙashin tafkin da aka sa wa sunansa akwai ƙauyen Sandyfield, wanda aka tashi mutanensa ruwa ya rufe a 1942. Duk sanda na bi ta wurin sai in tuna labarin da kuke ba mu na garuruwan da suka tashi lokacin da aka yi dam ɗin Tiga zamanin Audu Baƙo, in yi wa mutanen addu'a.

Na ji masu gawayi sun zo taya itatuwan gonarmu ta bakin rafi, ɗorawa biyun nan da tsamiya da gawon da ke kan iyaka. Baba, ina roƙonku da girman Allah kada a sayar. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin taki da na makarantar yara ba wasa ba ne. Yaya ya faɗa mini nawa suka taya, ni zan turo kuɗin a ƙarshen wata, a bar itatuwan a tsaye. Kakanmu ne ya bar ɗorawar nan, daga ita Inna take samun kalwar daddawa, gawon kuma ku da kanku kuka koya mana cewa gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Wanda ya sare su zai ƙone su a mako guda, mu kuma ba za mu ga irinsu ba a sauran kwanakinmu. In damina ta zauna, ina so a sayo dashen darbejiya da mangwaro a jera ta gefen rafin, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a ba Auta aikin ban ruwa in rani ya shigo. Ladan aikinsa yana wuyana, kuma na yi masa alkawarin keke in ya riƙe su suka kama.

Wani ɗan unguwarmu zai taso daga Kano bayan Sallah da mako biyu, Yaya yana da lambarsa. Inna, kada a wahala da dambun nama ko kilishi, a filin jirgi ba sa barin nama ya shigo. Kuka da kuɓewa busasshiya da yajin ƙuli sun wadatar. A turo wa jikokinku hoton hawan Daushe, suna ta tambayata labarin dawakai.

A gaida Liman da Mai Unguwa da duk maƙwabta. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku