Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Tseren Motoci ta Duniya (FIA), Mohammed Ben Sulayem, Kan Fashewar Tayoyi a Formula 1

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Kai tsohon direban tsere ne, sau 14 kana lashe gasar rali ta Gabas ta Tsakiya, don haka ba sai an faɗa maka yadda mota ke ƙwace wa direba idan tayar baya ta fashe ana tsakiyar gudu ba. Maganata a kan abin da ke biyo baya ne: wa ke binciken, kuma a wuyan wa laifin ke ƙarewa?

Ka tuna tseren Baku, babban birnin Azerbaijan, watan Yunin 2021. Max Verstappen na kan gaba, saura zagaye kaɗan a tashi, sai tayarsa ta baya ta hagu ta yi bindiga a miƙaƙƙen titi, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Motar ta daki katanga, ya fito a fusace ya shuri tayar da ƙafa. A ranar irin haka ta samu Lance Stroll, shi ma a tayar hagu ta baya. Da farko Pirelli, kamfanin da ke yin tayoyin, ya ce wataƙila tarkace ne a kan titi. Bayan bincike sai magana ta sauya: iskar tayoyin a lokacin gudu ba ta kai yadda kamfanin ya yi tsammani ba. Red Bull, ƙungiyar Verstappen, da Aston Martin, ƙungiyar Stroll, kuwa suka ce sun bi duk ƙa'idar da aka gindaya musu, Pirelli ma bai musa ba. To laifin wa ke nan? Shiru.

Tsohon wasa ne. A filin tseren Silverstone na Birtaniya a 2013 tayoyin Hamilton, Massa, Vergne da Pérez suka tarwatse a tsere guda. Pirelli ya ce ƙungiyoyi na musanya tayar hagu da ta dama suna kuma rage iska, ga dakalin bakin kwana mai kaifi. Direbobi suka yi barazanar ƙaurace wa tseren Jamus, sannan aka sake ginin tayar. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Ni ban wanke ƙungiyoyi ba. Injiniya na son ƙarancin iska saboda taya ta fi kama titi, kuma duk kafar da doka ta bari sai ya bi ta. Amma tun 2011 Pirelli kaɗai ke samar da tayoyin gasar, kuma masu shirya ta ne suka nemi taya mai saurin cinyewa don a ƙayatar da 'yan kallo. Idan ta fashe, shi kamfanin da ake tuhuma ne ke kwashe ɓaraguzan ya kai ɗakin gwajinsa a Milan, ya fito ya faɗa wa duniya sakamako. Ko gaskiya ya faɗa, wa zai gamsu?

A Katar a 2023, kana kan kujera, an ga alamar tsagewa a cikin tayoyi tun kafin ranar tsere, aka taƙaita kowace taya ga zagaye 18. Na yaba da hakan, domin an yi kafin wani ya ji ciwo.

Roƙona, ranka ya daɗe, FIA ta kafa masu bincike nata da ba sa cin albashin Pirelli ko na wata ƙungiya. Duk tayar da ta fashe hannunsu za ta fara shiga, tare da bayanan iska da zafi da na'urorin motar suka naɗa. A wallafa rahoton gaba ɗaya, a kuma ba ƙungiyar direbobi ta GPDA kujera a zaman.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar tseren Formula 1