A riƙa tunawa da Janar Goblet na Beljiyam

Ranka ya daɗe Edita,

In ana tarihin Beljiyam, Sarki Leopold ake ambata, a manta da Albert Goblet, wanda aka haifa a Tournai a 1790. Injiniyan soja ne. Ya yi wa Napoleon yaƙi a Sifaniya, sannan a Waterloo a 1815 yana cikin rundunar Holand da ta fafata da Napoleon.

Abin da ya fi burge ni shi ne 1832, lokacin da ya zama ministan harkokin waje, sojojin Holand na zaune daram a ganuwar Antwerp, wani birni na Beljiyam, bayan ƙasar ta ɓalle daga Holand. Bai jefa jaririyar ƙasarsa cikin yaƙi ba, ya matsa wa Ingila da Faransa har Faransa ta fitar da su. Don Allah ku ba shi shafi.

Naku,
Mai karatu