Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Dikko Radda kan faɗuwar tsofaffi a cikin gida

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Radda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ja hankalinka kan wata cuta da ba a yi mata gangami, ga ta kuwa tana kwantar da iyayenmu: faɗuwa a tsakar gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. A nan Daura, idan Baba ya zame sai a ce tsautsayi ne, a kira mai ɗori.

Ranka ya daɗe, tsautsayin nan yana da lokaci da wuri. Sau da yawa kafin asuba ne, babu wuta, dattijo ya tashi da buta a hannu zai kama ruwa. Ya tsallake dokin ƙofa, ya bi ta kan siminti da ruwan wanke-wanken daren jiya ya bari da santsi, silifas ɗinsa ya suɗe, ga yanar ido. Idan yana shan maganin hawan jini, miƙewa farat ɗaya na iya kawo masa jiri. Wani abin takaicin ma, ɗa ya samu buɗi ya shimfiɗa wa tsohuwarsa tayil mai sheƙi a banɗaki don faranta mata, bai san tarko ya ɗana ba. Ƙashin tsoho kuwa ya riga ya yi rauni. Kwatangwalo ya karye, sai kwanciya. Kwanciya ta daɗe, sai gyambon baya da ciwon huhu su biyo.

Ba sabon asibiti nake roƙo ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma ma'aikatan lafiya matakin farko sun saba shiga gida-gida, lokacin allurar shan inna da rabon maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara da damina. A ƙara musu horo kaɗan: duk gidan da suka tarar da tsoho, su tambaya ko ya taɓa faɗuwa a bana, su auna jininsa a zaune da a tsaye, su duba magungunansa, su leƙa hanyar da yake bi daga shimfiɗa zuwa banɗaki. Wanda ya faɗi sau ɗaya yana cikin babban hatsarin sake faɗuwa, kuma da yawa ɓoyewa suke yi don kada a hana su zuwa masallaci.

Gyaran ma ba tsada: ƙarfen dafawa a bango, fitilar sola a zaure da bakin banɗaki, kujerar zama ga wanda tsuguno ya gagara, sanda daidai tsayinsa. Maƙeran garin nan za su iya haɗa su in an ba su samfuri. Aikin yanar ido kyauta kuma a kai shi ƙauyuka, kada ya tsaya a birni.

A sa masarautun Katsina da Daura a ciki, domin maganar mai unguwa da liman ta fi takarda shiga gida. Ina roƙon a saka wannan cikin kasafin lafiya na shekara mai zuwa.

Wassalam,
Wani ɗan jiharka daga Daura