Zuwa ga kamfanin da nake wa aiki a Garwa: tirikulo yana cin mu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Darakta.

Sau biyu muna kai kuka ofishinka ta hannun wakilin ma'aikata, ba a ce mana ci kanku ba. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

Shekara tara ke nan ina wanke kayan injin manyan motoci a garejinku da ruwan nan da muke kira tirikulo, wato tirikuloro'etilin. Da za ka ga tafin hannuna, sai ka ce kaushin hunturu ne, fari fat, duk ya tsattsage. Yadda ruwan yake cinye baƙin mai a jikin ƙarfe, haka yake cinye maiƙon fata. Safar hannun robar da kuke ba mu kuwa, kafin a gama wanke fistan ɗaya ya ratsa ta.

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wani yaro da muke aiki tare ya shiga ramin da ake duba ƙasan mota, da bokitin tirikulo a gefensa. Muka ji ƙarar sifana ta tsaya. Na kira shi, shiru. Da na leƙa, ga shi zube, kansa jingine da bangon ramin. Mu uku muka jawo shi, ni kaina da na fito sai da ƙasa ta juya mini. Shugaban sashenmu ya zo ya ce rana ce ta buge shi, a ba shi madara.

Ranka ya daɗe, ba rana ba ce. Tururin tirikulo ya ninka iska nauyi fiye da sau huɗu, don haka ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a rami, kuma zafi na ƙara masa yawa. Yana bugar da mutum kamar maye, yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Gwangwanin madarar da ake raba mana duk Juma'a, mun gode, 'ya'yanmu na shan shayi da ita, amma ba ta wanke guba daga jini. Haka takunkumin ƙura da kuke sayowa: ƙura yake tarewa, tururi kuwa wucewa yake yi abinsa.

Tun 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa tirikulo a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta ƙoda. Yana taɓa hanta ma. A Disamban 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana amfani da shi. Mu ga mu nan muna tsoma hannu ciki har gwiwar hannu, mai walda kuma yana aiki taku goma daga bahon wankin, alhali idan tururin ya haɗu da wutar walda fosjin yake fitarwa, iskar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne durom ɗin da ya ƙare. Ana sayar da su a bakin ƙofa, na ga wata baiwar Allah ta ɗora ɗaya a amalanke za ta tara ruwan sha. Ragowar ruwan wankin kuma a kwata ake juyewa, a unguwar da kowa ruwan rijiya yake sha.

Akwai injin wanki mai amfani da ruwan zafi da sabulu, a sayo mana shi. Kafin nan a ba mu takunkumi mai gwangwanin tace tururi, mai alama launin ruwan ƙasa, da safar hannu irin ta Viton, wato robar da ruwan ba ya saurin ratsawa, a yi wa bahon murfi, a sa fanka mai zuƙe iska daga ƙasa, a ɗauke walda daga wurin. Takardar bayanin haɗarin da ke zuwa tare da kayan, a karanta mana ita da Hausa da Fulatanci. Likitan aiki ya duba mana ƙoda da hanta, a kuma kai wa CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, rahoton faɗuwar yaron nan a matsayin haɗarin aiki.

Na aika kwafin wannan takarda ga sufeton ƙwadago. Ranar Litinin zan zo aiki da yardar Allah, amma ba zan shiga ramin nan da tirikulo ba.

Wassalam,
Ma'aikacinku a sashen wankin injuna, Garwa