Zuwa ga takwarar Iya, a Yamai

Birni, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Uwata, ina gaishe ki, da fatan kina lafiya ke da karatu. Babanki ya ji sauƙin ƙafar, har ya koma fita sallar asuba da kansa. Ruwa dai yadda kika bar shi, sai tsakar dare famfo ke tsiyayowa, ƙannenki na gadinsa da jarkoki.

Na zaɓi takarda don na san halinki a salula. Da na ɗauko magana mai nauyi sai ki yi dariya, ko ki ce rezo ya ɗauke.

Innarki ta Zango ta biyo nan ran Alhamis daga kasuwar Dole. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta fito da abin da ya kawo ta. Ta ce kin dame ta da kira kina tambayar inda adakar kayan borin Iya, mahaifiyata, take. Ta ce hutun da kika ce mini kin yi a Maraɗi gidan ƙawarki, Tsibiri kika wuce, kika kwana wurin wasan bori da na'urar ɗaukar murya. Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya hana ni barci shi ne na ƙarshe: wai wata tsohuwa can ta riƙe hannunki, ta ce ciwon kan nan naki ba na likita ba ne, na gida ne, mutanen Iya ne ke neman wurin zama, kuma sai an yi miki girka, wato an shigar da ke bori, za ki ga daidai. Ke kuwa ba ki fizge hannunki kin tashi ba. Har kika tambayi abin da za a kashe.

Kada ki ɗauka na zama irin masu cewa duk abin da kakanni suka bari wuta ne. Wa ya yi miki tatsuniya a tsakar gidan nan? Gizo da Ƙoƙi, Dodo da yarinyar da ta ƙi samarin garinsu, daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, a bakina kika ji su. Ni na tsayar da ke gindin abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, na faɗa miki maganar tsofaffi, wai da ana gininta an binne Alƙur'anai da ƴan mata a ciki don kada gari ya ciwu. Na kuma faɗa miki sauran labarin, yadda aka kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a 1898 zamanin Amadu Kuren Daga, da yadda Faransawa suka ci yaƙin Tirmini a 1899 suka shigo garin duk da ganuwar. Ni na ɗora ki a kafaɗa da Sallah ki ga hawan ƙaho a ƙofar fada, mahauci ya sha layu da guraye a ƙugu, ya rungumi ƙahon bijimi jama'a na guɗa. Ƴan tauri da wuƙaƙensu ma kin gani. Kina jaririya an rataya miki laya, Iya da kanta ta kai wa baduku ya rufe ta da jar fata. Da sabara na yi wankan jegonki. Kin sha rubutu, kin sha jiƙon da wanzamin gidanmu ya haɗa. To ta ina na raba ki da asalinki?

In tattarawa kike so, hanya a buɗe take, kuma aiki ne mai kyau, domin tsofaffin na ta tafiya da abin da ke cikinsu. Nan Yamai kusa da ke akwai cibiyar CELHTO, tun 1968 aikinta ke nan, adana abin da aka gada a baka. Ki je Masalata kusa da Ƙonni ki ga yadda Azna ke yin arwarsu, wato duban abin da shekara za ta zo da shi. Ki je Lugu ki ji labarin Sarauniya daga bakin mutanen garin. Ki tambayi maharba me ake yi ranar buɗin daji, ki tambayi ungozoma me kalgo da bagaruwa da marke ke yi. Ki rubuta, ki ci jarrabawarki, ni ce farkon mai alfahari.

Amma girka ba kallo ba ce, kuma ba tambaya ba ce. Ke waƙa kika ji, da garaya, da kiɗan ƙwarya, kika ga tufafi masu kyau. Ni a ɗakin na girma.

Za a killace ki kwanaki, wajen mako guda, ba mai ganinki sai su. A yi ta ba ki jiƙo a ƙwarya, a lulluɓe ki da zane a tura miki turare, a yi yanka. Makaɗa su yi ta kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu, gida-gida yadda aka ce suna zaune a birninsu Jangare, har a ga wanda ya amsa a jikinki. Daga ranar kin zama godiyarsa. Abin da ke cikin ƙwaryar nan kuwa ba za a lissafa miki ba. Kin san zaƙami, kin san yadda yake sa mutum ganin abin da babu shi, ya yi ta magana da bango. Yarinya mai ciwon kai, wadda ba ta ci ba ta yi barci ba, an rufe ta cikin hayaƙi da kiɗa dare da rana, ki gaya mini me ba za ta gani ba.

Iya mace ce mai kunya, ko dariya za ta yi sai ta rufe baki da gefen mayafi. Amma in makaɗi ya taɓa taken Sarkin Rafi, ina tsaye ina kallo fuskar uwata za ta tafi, wata ta zo. Ido ya juye, murya ta koma ta namiji. Ta yi tsalle sama ta faɗo da mazaunai a kan ƙasa tsandauri, ta tashi ta sake, mata na guɗa ana liƙa mata kuɗi. In ta yi atishawa ya sauka, sai ta dubi jama'a tana tambayar wa ya yaga mata zane. Masu guɗa su watse. Ni ce mai dafa ruwa. Ni ce mai tsoma tsumma ina gasa mata baya da ƙugu, tana cije leɓe don kada babanmu ya ji nishinta. Tafiyar nan da kika san ta da ita a tsufanta, tana dafa bango, kin zaci shekaru ne kawai?

Ranar Ɗan Galadima abin ya fi daɗin kallo, babbar riga, turare, kyauta hannu sake. Malam Alhaji ya zo da farin kaya da tasbaha yana tari irin na tsofaffi. Kuturu ya dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Na san shi ya ja ki, don ni ma ya ja ni ina yarinya. Sai dai kowanne da abin da yake bi bashi, kuma ba ya yafewa. Wannan farar kaza, wancan jan zakara, wata madara, wani turare da goro. A shekarar yunwar El-Buhari, 1984, muna dama garin rogo da ruwa muna sha, akuya ɗaya ta rage a gidan, baƙa, da nononta ake raya kawunki. Aka ce Doguwa na son ta. Iya ta kwana tana kuka, da safe ta kwance ta da hannunta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, gani take in ta hana, ɗaya daga cikinmu za a shanye wa hannu da ƙafa. Wannan tsoron ne gadon da ake miki tayi. Aure ne da babu saki a cikinsa, uwata.

Ban ce miki babu aljanu ba. Allah ya ambace su, sura guda ke ɗauke da sunansu. Abin da na sani shi ne ba a yanka don wanin Allah, kuma wanda ya zubar da jini don neman yardar iska ya taɓa imaninsa. Wannan kin sani tun kina makarantar allo, ba sai na kawo miki malami ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ɓata mini rai. Kin tsallake ni. Kin je wurin innarki a ɓoye kamar ni baƙuwa ce a zancen uwata. Kin yi mini ƙarya a kan Maraɗi, ni kuwa har kuɗin mota na ƙara miki. Wane karatu ne ya koya miki haka? Kuma na ji kin ce wai na ɓatar da tarihin gidanmu saboda kunya. Ke kin san kunyar? An taɓa kiran ki ɗiyar ƴar bori a tsakiyar filin lakwal, yara na kwaikwayon faɗuwar uwarki? Kin san abin da dangin babanki suka ce kafin a ɗaura, da wanda ya tsaya mini? Kin san abin da ya sami yayata bayan an ce ita ce magajiya, har yau ba a kiran sunan garin da abin ya faru a gabana? Kina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai kina yanke mini hukunci a kan abin da ba ki ɗauki ko ƙwayarsa ba. Malamanki da baƙin da ke zuwa bincike za su rubuta abinsu su koma gidajensu lafiya. Ba wanda zai kai kansa a girka shi. Ke kaɗai za a bari da shi, ke da ƴaƴan da za ki haifa.

Adakar kuma, tunda ita kike nema, ban ƙona ta ba, ko da yake an so in ƙona. Bayan sadakar arba'in na ɗauke ta da kaina, ko buɗewa ban yi ba, na kai wa mutanenta. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, na ce ga kayanku, gidanmu an rufe wannan ƙofar. Ban zage su ba, su ma ba su zage ni ba. In yau aka dawo da ranar, haka zan sake yi. Ke nake tunani a lokacin.

Kada wannan ya sa ki zaci ina ƙin Iya. Har gobe ban yarda wani ya buɗe baki a kanta ba. Matan da suka rasa haihuwa, da waɗanda kishi ya kusa haukatawa, da amaren da aka kawo daga ƙauye ba su san kowa ba, a ɗakinta suke samun mai saurarensu. Da yawa ko dala ba ta karɓa a hannunsu. Ta san itatuwa, ta san ciwon mata, ta san yadda ake kwantar da zuciya. Wannan nake so ki gada, shi ya sa na yi shiru da aka sa miki sunanta duk da masu cewa suna na jan mai shi. Ki kuma lura da abu ɗaya. Tana da ikon ta shigar da ni, ina gabanta kullum, na san kirarin da yawa da ka. Ba ta yi ba. Hannuna ta riƙe ta kai ni lakwal, ta tsaya a ƙofa har mushe ya rubuta sunana. In za a yi wasa a gidan, sau da yawa aikena take yi Zango in kwana. Ni haka na fahimci nufinta, kuma na fi tsohuwar Tsibiri saninta.

Ciwon kanki ciwon kai ne. Tun kina kolaji kike matse ido in kina duban allo. Kina kwana kan salula, kina wuni da shayi da burodi. Na ba kawunki jika 30 zai aiko miki. Ki je gidan likita a auna idonki, a auna jini, a duba zazzaɓi, ki aiko mini hoton takardar da suka rubuta in gani da idona. Kada kuma ki ce za ki gyara ta wani gefen ki faɗa hannun masu ruƙiyyar nan da ke dukan ƴan mata da bulala suna cewa aljani suke duka. Su ma ban yarda da su ba. Ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ki tofa a hannu ki shafe jikinki. Ni ma ina nan ina yi miki.

In an yi hutu ki taho gida da na'urar taki. Akwai tsofaffi biyu a Mirriya da suka yi zamani da Iya, ɗaya ungozoma ce, ni zan raka ki, ina zaune za ki yi tambayarki. Ni ma zan ba ki abin da ban taɓa ba kowa ba, tun daga yadda ciwon ya fara kama ta bayan haihuwar fari har zuwa rasuwarta. Ki rubuta duka, ban hana ba. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi: ba za ki koma wurin matar nan ba, ba za ki sha komai daga hannunta ba, ko turare ta ba ki kada ki karɓa. In kin riga kin ba da wani abu na kafin alƙalami, ki bar mata, Allah ya sa iyakar asarar ke nan.

Babanki bai san komai ba tukuna, kuma ba na son ya ji a bakin wani. Ina jiran amsarki kafin Juma'a mai zuwa. Ƙannenki na gaishe ki, auta ta ce kada ki manta da takalmin da kika yi mata alkawari. Na sa miki kilishi da ƴar kuka a cikin saƙon. Allah ya tsare mini ke, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki