Ku janye gasar ɗaukar mutane bidiyo ba da saninsu ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Yaron nan mai barkwanci da kuka gayyato ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya iya ke nan, da shi yake ci. Wanda ya ba ni mamaki shi ne mai gabatar da shirin, mutumin da muke ganin girmansa shekara da shekaru, da ya buɗe baki ya ce duk wanda ya ga abin dariya a hanya ya zaro waya ya ɗauka ya turo muku, ku ɗora a shafinku na Facebook, wanda nasa ya fi samun 'yan kallo a ba shi katin waya. Har da ƙari, wai ya fi armashi idan mutumin bai san ana ɗaukarsa ba. Haba Malam! A gidan rediyo ake faɗin wannan magana, yara suna ji?

Ni abin nan ya shigo har cikin gidanmu, shi ya sa na kasa yin shiru. Kawuna, yayan mahaifiyata, dattijo ne mai furfura, rake yake sayarwa a baro a wajen Kwangila, nan Zariya, tun ina yaro. Da wannan baron ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi ya ciyar da marayun ƙanensa. Da daminar bara, bayan an ɗauke ruwa, tayar baron ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Baro ya kife, rake ya watse a kan titi, ga Keke Napep na ta wucewa suna take masa jari. Ya duƙa yana tsinta da sauri, sai mazagin wandonsa ya tsinke. Hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya na jawo rake daga cikin taɓo, hularsa ta faɗi cikin kwata. Samari na tsaye a gindin gada. Mutum ɗaya ne ya taya shi, wani mai faci. Sauran wayoyi suka ɗaga.

Kafin sallar isha'i bidiyon ya shigo wayata ta WhatsApp, daga abokin da bai ma san kawuna ba ne, ya haɗo da fuskokin dariya jere. An sa masa kiɗa, an sa muryar dariyar nan da suke liƙa wa kowane bidiyo, an maimaita daidai wurin da wandon ya zame, an rage masa gudu don kowa ya gani da kyau. Washegari yana TikTok. Daga nan yara suka laƙaba masa suna, wanda ba zan rubuta a nan ba. Ya zo wucewa, sai a kira sunan a ruga. Jikarsa ta dawo daga Islamiyya tana kuka, ta ce ba za ta koma ba. Mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwa ya koma yin sallah a wata unguwar, ya daina zama majalisa, ya ɗauke baronsa daga Kwangila inda masu sayensa suka san shi, ya koma wani lungu a Sabon Gari inda ciniki bai kai rabin na da ba. Ranar da na je gaishe shi, abin da ya tambaye ni kawai shi ne, “Ɗana, surukaina ma sun gani?” Sun gani, Malam Edita. Kowa ya gani. Mun bi waɗanda muka sani muna roƙo su goge, wasu suka goge, wasu suka ce ai ba su suka ɗauka ba. Har yau in an kwana biyu sai wani ya sake ɗora shi.

To wannan ne baƙonku ya kira nishaɗi, mai gabatarwa yana ta ƙyaƙyata dariya yana cewa Bahaushe ya san raha. Ƙwarai mun san raha, ba a nan za a koya wa Bazazzagi wasa ba. Mu da Kanawa kullum cikin tsokanar juna muke, a mota, a kasuwa, a gidan biki. Akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, akwai na Fulani da Barebari. Azumi in ya kai goma yara su fito tashe, su kwaikwayi tsoho, su kwaikwayi gwauro, a yi dariya a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Amma duk waɗannan ido da ido ake yinsu. Ka tsokani Bakano, yana nan tsaye, zai rama, wataƙila ma ya fi ka baki, a tashi kowa na dariya. Mai tashe shi ya shafa wa kansa gawayi, shi ya liƙa gemun auduga, da yardarsa. Kawuna wa ya tambaye shi? Ta ina zai rama wa dubban mutanen da bai taɓa gani ba? Ko wayar da ake kallon bidiyon ba shi da irinta, ƙaramar mai tocila ce a aljihunsa.

Ban ce a daina sa abin dariya a intanet ba. Ni ma ina kallo, ina dariya. Akwai yaran Samaru da ke shirya nasu wasan, su rubuta, su raba wa juna rawar da kowa zai taka, su kwaikwayi mai gidan haya ko ɗan acaɓa mai ƙaryar ba shi da canji. Allah ya ƙara musu basira. Wanda ya ga dama ya ba da labarin yadda akuya ta cinye masa cefane, nasa ne, ya bayar. Abin da nake magana a kai shi ne a mayar da wahalar bawan Allah abin kallo ba da saninsa ba. Kuma kowa ya san dalilin da abin ya yi ƙamari. Tun da Facebook ya fara biyan masu ɗora bidiyo a Najeriya a 2024, yaro ya gane cewa yawan 'yan kallo kuɗi ne. Yanzu ku ma kun ɗora katin waya a kai. Gobe in tsohuwa ta zame a bakin Kasuwar Tudun Wada, me kuke tsammani yaron da ke kusa da ita zai fara yi, ya ɗaga ta ko ya ɗauke ta a waya?

Abin da ya fi ci mini rai, a 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, ta kuma sa su sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Wato in mai mulki aka taɓa, nan da nan doka za ta farka. Mai rake fa? Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi maganar kare sirrin ɗan ƙasa, an kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma talakan da ke neman na cefanen yau ina ya ga kuɗin lauya? Mu abin da muka rataya a kai shi ne tsoron Allah da kunyar idon jama'a. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Malaman da kuke gayyatowa tafsiri duk azumi sun karanta ta a wannan tashar taku. Yaya za a yi tasha ɗaya ta karanta mana wannan, sannan ta sa kyauta a kan saɓa mata?

Ku janye gasar nan. Mai gabatarwa ya fito a shirin Asabar mai zuwa ya faɗa da bakinsa cewa an janye, kamar yadda ya sanar da ita da bakinsa. Bidiyoyin da aka riga aka turo muku, duk wanda mai shi bai yarda ba, kada ku ɗora. In kuna son gasa, ku ce kowa ya turo nasa na kansa.

Sannan tun da na riga na ɗauki alƙalami, yaushe za ku yi mana shiri a kan ruwan sha? A layinmu famfo ya zama ado, sai dai mu jira 'yan garuwa, kullum kuma kuɗin jarka ƙaruwa yake. An sha gaya mana an gama aikin ruwan Zariya, mu dai ba mu gani a randa ba. Kun ba mai barkwanci awa guda cur, ku ba wannan ko rabin awa ne, ku kira waɗanda abin ke hannunsu, ku buɗe layin waya mu yi musu tambaya da kanmu. Kuma don Allah a riƙa ɗaga wayar, don ranar Asabar na yi ta kira har aka rufe shirin ba wanda ya ɗauka.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya.